Kazar da Ta Warke a Madadin Inna

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyata, kuma har yau ban yarda da takardar da aka kawo daga asibiti ba, wai ciwon ƙirji ne ajalinta. Ƙirjin dai ya ƙarasa aikin ne. Inna ta fara mutuwa tun ranar da santsi ya kwashe ta a fadama bayan janyewar ruwa, da damin shinkafa a kanta, kwatangwalonta ya karye.

Yayana Sale ya ɗauko mai ɗori daga wajen Kirikasamma. Mutumin ya yi abin da aka saba: ya karya ƙafar kaza ya ɗaure, ya ɗaure ƙafar Inna, ya ce ranar da kaza ta taka, mai ciwo ma ta warke. Ya tafi da kazar zuwa gidansa. Da ya dawo da ita ya sake ta a tsakar gida, sai ga ta tana ta tono.

Kazar da aka karya a gabana zankonta a tsage yake. Wannan kuwa nata lafiya lau. Na faɗa.

Yaya ya ce, "Kai dai ka fiye zargi. Yanzu kaza za a yi mana maguɗi?"

Daga ranar aka daina jin Inna. In ta ce zafi, a ce raki ne. Ƙafar ta gajarce, ta juya waje. Ta koma kwanciya, bayanta ya yi gyambo, mace mai turara shinkafar rabin unguwa ta zama sai an ɗaga ta. Bayan shekara biyu na kai ta hoto a Haɗeja. Likita ya ce ƙashin bai taɓa haɗewa ba, kan ƙashin ma ya mutu.

Da tana raye yau, me za ta gani? Titi ya iso garinmu, kowa da waya. Amma makon jiya Gwaggo Ladi, ƙanwar babanmu, ta faɗi a bakin rijiya, kuma Yaya har ya sayo kaza.

Na ce masa, "Yaya, ka yanka ta a yi wa Gwaggo romo. Gobe asibiti za mu."

Ya ce ina raina al'ada. Ya ce abin da ya ga dama.

Inna ba ta bar gona ko zinare ba. Magana ɗaya ta bar mini, ranar da ake juya ta ana cewa ta yi haƙuri ai ta warke: "To ku je ku gaishe da kazar. Ni dai ga ni nan."

Allah ya jiƙan ki, Inna. Gwaggo kam da bakinta za ta faɗa mana ranar da ta warke.