Yarinyar da Ta Fente Mana Katangar Gabas

Katangarmu ta gabas ita kaɗai ta rage ta ƙasa a duk layin da ya miƙe zuwa kasuwar Rogo. Maƙwabta kowa ya rushe tasa ya sa bulo. Marigayi maigidana ne ya gina ta, amma yaɓenta da shafenta aikin hannuna ne.

Ni ba ƙaramar mace ba ce a wannan aiki, gara in faɗa tun yanzu. Ban shiga aji ba, wannan ma faɗa nake ana rubuta min. Amma a zamanin ƙuruciyata, daga ƙauyenmu na wajen Fulatan har cikin Karaye, in za a yi wa ɗaki daɓe, a shafe bango a zane shi da yatsa, ni ake aikowa a ɗauka. Na yi wa ɗakuna zanen da har yau in na haɗu da matan a wurin suna sai sun tuna min. Da siminti ya shigo aka daina nemana. Ban yi wa kowa ƙorafi ba, na koma soya ƙuliƙulina.

To, da bazarar shekarar da nake ba ku labari, sai matasan garin nan suka haɗa kai wai za su ƙawata hanyar kasuwa da zane. Suka kawo masu zane biyar, maza huɗu da mace ɗaya. Mazan suka raba katangun siminti a tsakaninsu, irin su na makaranta da na kantin magani da na tasha. Macen aka ce ta zo gidanmu.

Ta zo da safe a kan acaɓa, da bokitan fenti an ɗaure a baya. Siririya ce, mai tabarau, ta sa wata riga mai aljihu a kan hijabinta. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta tambayi gida da jikoki da zafi. Sannan ta nuna min a wayarta abin da za ta zana: gonar gyaɗa, da hannuwan mata suna ɓara.

Na ce, "Ke daga ina kike?"

Ta ce, "Daga Karaye, Iya. Babana tela ne a bakin kasuwa."

Ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce uban ba ya son wannan aiki, yana ganin mace a kan tsani a bakin titi ba tsari ba ne. Da ƙyar ya yarda da sharaɗi guda. Bayan sati uku waɗanda suka ɗauki nauyin aikin za su zo su duba katangun, su zaɓi wanda za a ba katangar sabon asibiti. In an zaɓe ta, ta ci gaba. In ba a zaɓe ta ba, akwai keken ɗinki a shagonsa yana jiranta, kuma ba za a sake tada maganar ba.

Ta buɗe bokiti ta soma shafa farin fenti a kan bangon yadda yake, ko sharewa ba ta yi ba. Ni kuwa na san bangon nan kamar tafin hannuna. Tsohon yaɓe ne, ya gaji, in ka shafa shi sai gari ya biyo yatsanka. Kuma gabas yake kallo, inda ruwan farko ke dukan gari. Na matsa kusa na ɗora hannu.

Na ce, "'Yar nan, wannan bangon..."

Ta ce, "Iya, ɗan ja baya kar ya ɓata miki zani, ba ya fita. Kar ki damu, a makaranta muka koyo shi."

Ɗaya daga cikin mazan yana wucewa da tsani a kafaɗa, ya ce, "Ke ki saurara mana, Iya za ta koya mana zane." Suka yi dariya. Ita ma ta ɗan murmusa.

Na ja baya kamar yadda aka ce. Na ɗauko tabarmata na shimfiɗa a bakin zaure, na ce a raina, to, bari mu ga makaranta.

Kwana tara na yi ina kallonta. Kuma gaskiya yarinyar ta iya. Ganyen gyaɗar nan sai ka ce ka tsinka. 'Yan acaɓa su tsaya su ɗauki hoto, mata masu zuwa kasuwa su sauke kaya su kalla. Kullum da azahar nakan kira ta ciki ta yi salla, in zuba mata tuwo ko dambu, mu yi hira. Sau nawa maganar ta zo min baki, sai in tuna dariyar nan in haɗiye. Nakan ce wa kaina ai ba a tambaye ni ba.

Rana ta goma da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Aka yi iska, aka yi ruwa mai duka. Ina ɗaki ina jin sa a kan kwano, ban leƙa ba, don na san abin da zan gani.

Da safe na fito. Ruwa ya shiga ta bayan fentin, fentin ya kumbura, ya saɓule kamar fatar da ta ƙone. Rabin gonar yana ƙasa cikin taɓo. Abin da ya rage yana reto, da ƙasar bangon manne a bayansa. Na mazan kuwa, da yake siminti ne, ko gezau.

Da ta sauka daga acaɓa ta daɗe a tsaye. Ba ta yi kuka ba. Ta tsuguna tana tsintar ɓallin fentin tana dubawa, tana ajiyewa gefe guda kamar za su yi wani amfani. Sannan ta zo ta zauna a gefen tabarmata.

Ta ce, "Shi ke nan, Iya. Bari in gaya wa Baba ya sa wa keken mai."

A nan na kasa ɓoyewa. Na ce, "Na san haka za a yi. Tun ranar farko na sani."

Ta juyo ta cire tabarau. "Kin sani?"

"Na sani."

"Kwana tara ina cin tuwonki, Iya."

"Ke kika ce in ja baya."

"Zaninki nake ji."

Ni da ake cewa bakina ya fi reza, ranar na sauke kai a gaban yarinyar da na yi jika da ita. Na ce mata ban kyauta ba. Ban saba faɗar haka ba, ko maigidana bai ji ta a bakina sau uku ba. Sannan na tambaye ta kwana nawa ya rage. Ta ce goma sha ɗaya.

Na ce, "Tashi ki cire wannan rigar aljihun, ki naɗe hannu."

Muka kankare bangon tas har muka kai ga ƙasa mai ƙarfi. Lokacin ɗorawa ne, ɓawonta ko'ina a gari. Na aika gida-gida aka tara min, na jiƙa a randa biyu, kwana uku, har ruwan ya yi ja ya yi kauri. Shi ne makuba. Shi ke sa ƙasa ta ƙanƙame ta ƙi ruwa. Aka ɗebo mana jar ƙasa daga tsohon kududdufin bayan gari, muka cuɗa da ƙaiƙayi da ruwan makubar, muka taka da ƙafa, muka rufe ta kwana biyu ta ruɓa. Yarinyar tana takawa tana toshe hanci.

Na ce, "A makarantar taku ba a taka ƙasa?"

Ta ce, "Ba a yi, Iya. Can ko wari sai an rubuta shi a allo tukuna."

Aminiyata ta gidan da ke kallonmu, wadda muka yi yawon daɓe tare a da, ta ji ƙamshin makuba ta fito da sandarta. Ita da ta ce gwiwa ta hana ta zuwa ko'ina, sai ga ta tana ba da umarni. Kafin azahar mata shida ne a bakin katangar, tsofaffi duka, kowa na cewa ba haka ake yi ba.

Wahalar da muka sha ita ce wajen zanen. Ita ta saba ta zana da fensir, ta ja baya ta duba, ta goge, ta sake. Ɗanyen yaɓe kuwa ba ya jira. In ka shafa, kafin ya sha iska za ka sa yatsa ka ja layinka, in ya bushe ya rufe ƙofa. Sau biyu tana tsayawa tunani yaɓen ya ƙanƙame, muka fasa muka sake.

Na ce, "Ki yi tunaninki tun a gida. Nan hannu ake so."

Ni ma fa na ga abin da ban sani ba. Duk zanen da na yi a rayuwata ƙanana ne, na cikin ɗaki, ana maimaita su a jere. Ita sai ta ɗaura zare daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta raba bangon gida-gida, ta fitar da gindin gyaɗa guda ɗaya wanda ya fi mutum tsawo, ganye a sama, 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa kowanne da zanen ɓawonsa. Ina kusa ban gane komai ba, sai da ta ja ni tsallaken titi. Na ce a raina, ashe dai an koyi wani abu a makarantar. Ban faɗa mata ba sai washegari.

Launi kuwa, muka yi fari da farar ƙasa, ja da jar ƙasa, baƙi da gawayi, duk muka dama da ƙaro don su kama. Sai ta ce tana son kore na ganye.

Na ce, "Ƙasa ba ta da kore. Haka muka taras."

Ta ce, "A ba ni bular wanki."

Ta dama bula da wata ƙasa mai ruwan ɗorawa da ta tsinto a bakin kududdufi, sai ga kore ya fito a cikin ƙwarya. Aminiyata ta ce a'uzubillahi, ta matsa da kujerarta. Muka ƙare da yayyafa makuba sau uku, muna bari tana shanyewa.

Saura kwana biyu baƙin da za su duba katangun su zo aka sake yin ruwa, wanda ya fi na farko. Wannan karon na fita na tsaya a zaure ina kallo. Da ya ɗauke, koren ya dusashe ya koma kamar ganyen da ya kusa girbi. Amma zanen yana nan daram, ko ɓalli ɗaya bai faɗo ba.

Baƙin suka zo da mota, su uku, da takardu a hannu. Sun daɗe a katangarmu, suka shafa, suka ɗauki hoto, suka yi tambaya. Amma katangar asibiti siminti ce, kuma launi mai ƙyalli suke so. Suka ba wa wanda ya yi ta makaranta, shi ne ma mai tsanin nan da ya yi min dariya. Ya zo har tabarmata ya durƙusa ya ce in yafe masa. Na ce na ji.

Yarinyar ta shiga haɗa goge-gogenta cikin jaka. Ashe uban ya zo tun ɗazu, yana tsaye a inuwar kantin magani. Dattijo ne mai furfura kaɗan, da tef ɗin awo har lokacin a wuyansa, da alama daga shago ya taso. Ya tsallako ya gaishe ni, sannan ya je ya ɗora tafinsa a kan bangon. Ya kai hancinsa kusa.

Ya ce, "Makuba ce. Rabona da jin wannan tun ɗakin mahaifiyata." Ya juyo. "Iya, ke kika yi?"

Da a da ne da na karɓe. Na ce, "Ƙasar tawa ce. Zanen na 'yarka ne, ni ban iya irinsa ba. Na farkon ma da ya zube, ni na gani na yi shiru, da na yi magana da yanzu wani zancen ake."

Ya ce, "An dai yi sharaɗi."

Na ce, "An yi. Ni ban ce ka karya ba. Amma kai tela ne. In yaro ya ɗinka riga ta yi kyau, mai ita ya ce shi shuɗiya yake so, sai ka kore shi daga shago?"

Ya yi dariya kaɗan, ya shafa gemu. Ya daɗe yana kallon 'ya'yan gyaɗar nan na ƙarƙashin ƙasa. Sannan ya ce da 'yarsa, ba tare da ya kalle ta ba, "Zauren gidanmu ma na ƙasa ne. In kin gama da na mutane, sai ki duba shi."

Ta ce, "To, Baba."

Ta yi zauren nasu. Daga nan wani mai unguwa a wani gari da ake kira Turawa ya gani ya aiko, bayansa wata makarantar Islamiyya. Na siminti ma tana yi da fentinta in an kira ta. Amma in bangon ƙasa ne, sai ta biyo ta Rogo a ɗauke ni. In hau acaɓa da tsufana, ina riƙe da galan ɗin makuba a cinya, jama'a na kallo. A Turawa 'yan mata biyu suka tsaya mana tun safe har la'asar, ƙarshe na ce su naɗe hannu su shigo.

Har yanzu ba mu daidaita a kan koren ba. Ita tana ta gwada haɗi iri-iri wai sai ta samo wanda ruwa ba ya ci. Makon jiya ta kawo min wani a murfin kwalba, na shafa a gefen katanga inda indararo ke zuba. Muna jiran ruwa.