Garuba da Ɗakin da Ya Ja wa Surukarsa

Garuba makaniki ɗan Dogondutsi ta Nijar ne a baki kawai, don bai taɓa ganin garin ba. A Zongon Kumasi aka haife shi, a Suame Magazine, unguwar makanikai, ya koyi kwanciya ƙarƙashin mota har ya kai ga buɗe garejin kansa. Gajere ne mai faɗin ƙirji da ƙatuwar murya. Da Hausa yake zagin ma'aikatansa, da Twi yake zagin masu mota, inji kuwa da duka biyun. Mutum ɗaya ce a duniya ke kashe masa murya: Mma Humu, uwar matarsa Sahadatu.

Kunyar suruka kowa na yi, amma ta Garuba ta wuce ta mutane. Tun da ya yi aure bai taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba, bai kuma taɓa kallon fuskarta ba. In zai gaishe ta, tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya zuba wa ƙasa ido. Ita kuma ta amsa da "lafiya" ɗaya ta juya. Da za a jera masa tsofaffin unguwarsu ta Tafo a ce ya nuna surukarsa, sai dai ya bi ƙafafunsu da kallo. Da wannan kunya yake taƙama, yadda wani ke taƙama da gida ko da Makka.

A ƙarshen 1969 gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. Garuba ba shi da ita, don bai taɓa sanin shi baƙo ba ne. Mma Humu Badagomba ce, 'yar ƙasa, dokar ba ta shafe ta ba, amma ta aiko ta bakin 'yarta cewa inda jikokinta za su, nan za ta. Ba wanda ya nemi ra'ayin Garuba.

Manyan motocin da ke kwasar mutane sun cika har kan rufi, ya rantse iyalinsa ba za su hau ba. Ya taɓa gyara wa wani Bature mota mai gado da murhu a ciki, tun daga ranar abin ke ransa. Sai ya tafi wurin amininsa Brimah mai walda. Brimah ya nuna masa abu biyu a bayan shagonsa: tsohuwar trotro, wato bas ta haya, mai lafiyayyen inji, da wata tirela mai taya biyu wadda akori-kurar Garuba za ta iya ja.

"Ka ɗauki trotro," in ji Brimah. "Mu cire kujeru, mu shimfiɗa katifa, shi ke nan ɗaki ya tashi. Kana tuƙi, madam na miƙo maka shayi."

Garuba ya leƙa ciki. Tsakanin kujerar direba da inda katifar za ta kwanta ko labule babu. Ya hango kansa daga Kumasi har Nijar yana atishawa, yana sosa ciki, yana zagin direbobi, Mma Humu na zaune a ƙeyarsa.

"In inji ya mutu, gida ya mutu ke nan," ya ce. "Tirela kuwa sai ka kwance ta, ka tafi neman gyara."

"Kai ne fa mai gyaran."

"Tana shan mai."

"Garuba, tsohuwar nan kake gudu, ka bar ɗora wa inji laifi."

A gida ma Sahadatu trotro take so. "Maigida, in yaro ya ce zai zaga, da me za mu sanar da kai? Da ganga?"

Ya ce zai riƙa tsayawa a kowane gari. Tirela dai aka yi. Brimah ya ɗora mata bangon katako da rufin kwano, ya yanka taga a gaba don iska. Da Garuba ya zauna a kujerarsa ya duba madubi, sai ga tagar nan tsaf a ciki, daidai inda fuskar tsohuwa za ta kasance. Ya ɗauko sukundireba ya kwance madubin ya jefa a akwatin kayan aiki.

Suka tashi da hantsi. Mma Humu da Sahadatu da yara suna cikin ɗakin, shi kuma yana gaba da keken ɗinki a gefensa, turmi da tukwane da katifu a bayan akori-kura. Har Techiman lafiya lau. A kowane zango ya sauko, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gindin ƙofar tirela ya gaida suruka, ta ce "lafiya", yara su zaga, a ci gaba.

Bayan Techiman akwai wani hawa mai tsawo. Motar ta yi ta nishi, ta yi ta nishi, can ya ji wani ƙas, sai ta zabura kamar an zuba mata sabon jini. Garuba ya buga sitiyari don murna. "Ka ji inji!" ya ce wa keken ɗinki. "Brimah na can yana ta surutu."

Haka ya shiga Kintampo yana waƙa. Ya tsaya a bakin tasha, ya tuɓe takalmi, ya zagaya baya kansa a sunkuye kamar kullum, ya durƙusa.

"Mma, barka da hanya. Ya gajiya?"

Shiru. Ya ce a ransa gudun da ya yi ne ya ɓata mata rai. Ya ƙara sunkuyar da kai.

"A yi haƙuri, Mma. Hanyar ce ta yi kyau."

Wata mai sayar da dokunu, tuwon masara na ƙunshi, ta ajiye farantinta ta matso. "Papa," ta ce da Hausarta ta kasuwa, "kai yana gaida wane?"

Ya ɗago a hankali. Titi ne fetal, sai guntun ƙarfe na reto a gindin motarsa.

Ko takalmin bai koma ɗauka ba, ya faɗa mota ya juya baya. A gindin hawan nan ya same su. Tirelar ta gangara da baya ta shige ciyawa ta tsaya a jikin suri, ba wanda ya ko ƙuje. Yara na wasa a kan rufin kwano. Sahadatu na tsaye a bakin titi, hannu a ƙugu.

"Sannu da zuwa, Maigida. Ya mutanen Nijar?"

Ƙarfen jan ya karye biyu, ƙafar tirelar ɗaya ta lanƙwashe, babu mai walda sai an koma gari, ga masu duba takardu a hanya. Dole aka bar ɗakin a nan. Aka mayar da keken ɗinki baya, aka ɗora yara kan katifu. Kujerar gaba ta babba ce, wannan ba ya bukatar shawara. Garuba ya dubi matarsa da idon roƙo ko za ta shiga tsakiya.

"Ni zan riƙe yara," ta ce, ta haye baya. "Kada su ma a manta su."

Mma Humu ta shiga ta zauna, ta baza zaninta. Sandar giya na tsakiyarsu, gwiwarta na jingine da ita. Garuba ya samu ya sa giya ta biyu da kan yatsu kafin ta gama gyara zama, daga nan bai sake kai hannu wurin ba. Ya manne da ƙofa, ya kafe ido a titi. Motar na kuka kamar akuyar da aka ɗaure, masu keke na wuce su, zufa na bin gemunsa.

Sun yi nisa a haka kafin tsohuwar ta yi gyaran murya.

"Mijin Sahadatu."

Sitiyari ya kusa kuɓuce masa. "Na'am, Mma."

"Mijina direban motar katako ne har ya mutu. Ka canza giyar nan kafin ka kashe mu da ƙara."

Ya miƙa hannu, ta janye gwiwa kaɗan, ya sa ta uku.

"Ta huɗu fa? Aro ka ba wani?"

Ya sa ta huɗu.

"Yauwa. Ga rami can gabanka, ka kauce masa. Shi ba surukinka ba ne, kana iya kallonsa."