Gishirin Tsohon Gida

Wana Dorasamy, wanda muke kira Anna kamar kowane babban wa a gidajenmu, ya yi aikin gyaran injin jiragen ruwa a tashar Durban har kansa ya yi fari fat. Amma in ka shiga unguwar Merebank kana cigiyar bakanike Dorasamy, kallonka kawai za a yi. Sai ka ce mai teku a falo, yanzun nan a nuna maka ƙofar.

Tankin gilashi ne, tsawonsa ya kai gadon mutum ɗaya, ya cinye bangon falon gaba ɗaya. A ciki akwai duwatsun teku, da murjani mai rai kala-kala, wani kamar reshen itace, wani kamar kunnen giwa, da 'yan kifaye suna kai da kawowa. Ni Salatchi, ƙanwarsa, na yi shekara ashirin da ɗoriya ina ce masa wannan ɓata wuta ne. Duk da haka in na je gidan, kujerar da ke fuskantar tankin nake zama, kuma shayina kan huce ban sani ba.

Duk Asabar in teku ta cika, Anna zai loda jarkoki a bayan tsohuwar motarsa ya gangara bakin ruwa ya ɗebo. Bai taɓa sayen gishirin kanti ya dama ba. Cewa yake wanda ke da teku a bayan gida ya sayi gishiri a leda, to a duba kansa.

Matarsa Logie ce ta zaɓi kifaye biyun da suka fi daɗewa a ciki, 'yan ruwan lemo masu farar ɗamara. Macen ta fi girma, ta fi faɗa, in Anna ya sa hannu a ruwa sai ta cije shi. Ya sa mata suna Madam. Logie ta ce ta san da wa yake, kuma ba ta ji haushi ba. Abin da ke ba ta haushi shi ne gishiri. Ruwan tankin na fantsama kaɗan-kaɗan ya bushe a jikin murfin, ya bar farin ɓawo. Kowace safiya za ta zo da tsummanta tana gogewa tana mita.

"Mata na auren miji, ni na auri kamfanin gishiri."

"To ki bar shi mana," in ji Anna.

"In bar shi, baƙi su ce ƙazama ka ajiye?"

Haka suka yi ta yi har ranar da ciwon zuciya ya ɗauke ta. Bayan rasuwarta Anna ya ci gaba da komai, ɗebo ruwa, ba kifi abinci, goge gilashi har ya yi ƙal. Murfin ne kawai bai ƙara taɓawa ba. Gishiri ya yi ta hawa kan gishiri har ya yi tudu. Na yi magana, na sake yi, ya ce zai goge. Na ɗauka lalacin namiji ne, na rabu da shi.

Da gwiwoyinsa suka fara gardama da jarkoki, 'yarsa Thirusha ta buga ƙasa ta ce sai ya dawo wurinsu. Ita da mijinta Kuben sun sayi gidansu na farko a Benoni, can kusa da Johannesburg, da ɗaki na musamman dominsa. Aka shirya kowa ya tare rana ɗaya.

"Appa, a can ma akwai masu sayar da kifi," ta ce da mahaifin nata a waya. "Ka sayar da wannan, mu saya maka sabo."

"Sabon Madam za ki saya mini? In tanki bai je ba, ni ma ban je ba."

Tafiyar yini ce a mota, daga ɗumin bakin teku zuwa tudu, kuma a watan Yuni, tsakiyar lokacin sanyi a ƙasarmu. Kowa a gidanmu ya san abin da ake tsoro. Kifin teku ba ya jure sanyi, murjani kuwa ya fi shi raki. In ruwan ya huce a hanya, shi ke nan, kuma ban san me zai rage wa wana ba in Madam ta mutu a bokiti.

Ya daina ba kifayen abinci 'yan kwanaki kafin tafiya don kada su ɓata ruwansu a hanya. Ranar kwashe kaya na zo da soso da sabulu, don ni ban iya ganin an kai datti sabon gida ba. Na tarar ya zuƙe ruwan tankin cikin jarkoki, ya jera duwatsu a manyan kuloli ruwa ya rufe su, kowane murjani a ledarsa. Na ɗauki wani dutse mai gansakuka na nufi famfo.

"Salatchi! Ajiye!"

"Anna, wari yake yi."

"Warin rai ne. Akwai halittu a jikinsa da ido ba ya gani, su ke cinye dattin kifi. Ki sa masa ruwan famfo, kin kashe gari guda. Yau ba a wanke komai."

"Har da wannan ƙazamin murfin?"

Ya karɓe murfin ya naɗe shi a tsohon zanen gado, a hankali, kamar mai naɗe madubi. Na yi tsaki na je na wanke tukwane, su dai ba mai hana ni.

Da asuba muka tashi. Babbar motar kaya ta kwashi kujeru da kwalayen kicin, mu kuma muka shiga a-kori-kurar Kuben mai kujerun baya, tanki da jarkoki da kuloli a bayanta an lulluɓe da barguna. Ni a gaba da robar samosa a cinya. Anna a baya, bokitin su Madam tsakanin ƙafafunsa, ya naɗe shi da bargon Logie, ɗan famfon iska mai batir yana ta gurnani a ciki.

"Kuben, a hankali, ba buhun dankali ka ɗauko ba."

Can kuma, "Kuben, haka za mu yi ta rarrafe har ruwan ya zama ƙanƙara?"

"Anna, ka zaɓi ɗaya," na ce. "Ko ka ci samosa bakinka ya samu aiki."

Kuben yaron kirki ne, dariya kawai yake yi. A hawan dutsen Van Reenen hazo ya sauko har ba ka ganin motar gabanka. Muka lallaɓa muka wuce da kyar. Anna ya sa aka ƙure hitar mota, ni ina zufa, shi yana leƙa ma'aunin zafin da ya tsoma a bokiti yana cewa da sauƙi.

Rana ta yi ƙasa sosai muka isa Benoni, sanyi yana shiga ƙashi. A ƙofar gidan muka tarar da Thirusha da surukarta, Anti Govindamma, mahaifiyar Kuben. Ta riga ta share dandamalin ƙofa, ga fitilar tagulla, ga sabuwar tukunya da madarar da za a tafasa ta yi ambaliya. Ta rungume mu, ta ce ta dafa shinkafar biryani tana cikin mota. Sannan ta miƙa hannu.

"Ina gishirin?"

A danginmu da nasu duka, ba abin da ke riga gishiri shiga sabon gida, kuma daga tsohon gida ake ɗebo shi, albarkar can ta biyo mutane. Su Thirusha a ɗakin haya suka zauna, saboda haka an yi magana tun farko cewa na kicin ɗin Logie za a kawo. Thirusha ta ce a ajiye kwalbar gishirin a kan tebur. An ajiye. Masu kwasar kaya kuwa da suka zo, duk abin da ke kan tebur suka zuba a kwali. Kuben ya kira direban babbar motar. An rufe hanya saboda hazo, sai gobe.

"To sai mu kwana gidana, gobe a shiga," in ji Anti Govindamma.

"Anti, kifayen ba za su kai gobe a bokiti ba," in ji Thirusha. "Sai an kafa tanki an kunna hita."

"Ga maƙwabta nan," na ce. "Ko ba su cin gishiri a Benoni?"

"Gishirin wanda ban san kakarsa ba zan fara shigar wa ɗana gida? Salatchi, ke ma kin sani."

Na sani, shi ya ƙara ba ni haushi. Na ce mata albarkar da za ta fara da gawa a bokiti ni ban gane mata ba. Ta ce ita ba ta ƙi kifi ba, amma gidan farko sau ɗaya ake shigarsa. Muryoyinmu suka hau. Na juya wurin Anna ya sa baki, ai kifinsa ne. Yana tsugune ya buɗe bokitin. Famfon iska ya fara shaƙewa, Madam ta kwanta a gefe ɗaya a ƙasa tana numfashi da sauri, ƙaramin mijin nata yana zagaya ta. Thirusha ta leƙa, ta fashe da kuka.

"Anti tana da gaskiya," in ji Anna. "Da Logie na nan, ita ma a ƙofar za ta tsaya."

Ya miƙe da kyar ya je bayan mota. Ya zaro abin nan da ya naɗe a zanen gado, ya kwance shi a kan dandamali, ya ce in ba shi cokalin shayi daga jakata. Ya shiga kankare farin ɓawon nan yana tarawa a tafin hannunsa, har ya cika. Ya miƙa wa Anti Govindamma.

Ta duba, ta lakata da yatsa ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Wannan daga ina?"

"Daga falon Logie."

"Ya kwana a gidan?"

"Tun safiyar da ta daina gogewa yake taruwa."

Sai a lokacin na gane abin da na yi shekaru ina kira lalaci. Anti Govindamma ta kalli hannunsa. Sannan ta ɗauko ɗan farantin tagulla ta tara, ya juye.

"Thirusha, share hawayenki, ba a shiga da kuka. Karɓi na uwarki. Ƙafar dama."

Thirusha ta shiga da gishiri, fitila ta bi baya, sai Anna rungume da bokiti. Daga nan gida ya rikice. Kuben na jido jarkoki, ni da Thirusha muna miƙa duwatsu, Anna na jera su yana faɗa mana ba haka ba. Anti Govindamma ta ɗora madara a kan murhu ɗaya, ta ɗora ruwa a kan sauran, tana cika kwalabe da ruwan zafi tana toshewa, tana sa su yawo a cikin tanki don ruwan ya yi saurin ɗumi. Ita ce ma ta fi kowa tsawa.

"Kuben, ka tsaya kallon madara? Matar mutane na mutuwa a bokiti!"

Madara ta yi ambaliya, muka yi guɗa hannuwanmu jiƙe da ruwan teku. Anna bai juye kifayen kai tsaye ba. Ya riƙa zuba musu ruwan tanki kofi-kofi har jikinsu ya saba, sannan ya sake su. Madam ta nutse bayan dutse, ba mu ƙara ganinta ba. Muka ci biryani a tsaye.

Da safe ya sa hannu zai gyara wani dutse da ya karkace, sai na ji ya ce, "Wash!" Ya fito da hannun yana dariya, idonsa ya kawo ruwa.

"Ta cije ni."

Murjani ɗaya, mai kama da reshe, ya yi fari ya mutu. Sauran suka buɗe a hankali cikin makon. Yanzu Anna gishirin kanti yake damawa a duro, yana mita wai ruwan ba shi da hali, amma gwiwoyinsa sun huta, ya yi ƙiba. Anti Govindamma na zuwa duk Lahadi ta zauna a kujerar da ya kamata a ce tawa ce. Ragowar gishirin nan yana cikin 'yar kwalba kusa da fitilar, a ɗakin addu'a.

Da na koma ziyara lokacin Diwali, bikinmu na fitilu, na fito da safe na tarar da Anna a gaban tanki da tsumma, yana goge murfin yana gunaguni shi kaɗai.

"Au, yau kuma? Ka fara gogewa ke nan?"

"Wancan nata ne, ya riga ya shigo gida," ya ce, bai ko juyo ba. "Wannan datti ne kawai. Ko so kike baƙi su ce ƙazami aka ajiye?"