Mun Yafe Jinin Mu'awiyya Tun Ba Mu Tambaya Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 9 ga Satumba, 2025, ƙanena Mu'awiyya ya rasu a Kaduna, cikin ramin lif, wato na'urar hawa da sauka, na wani bene da yake yi wa gyara. Wutar lantarki ce ta ja shi. A ranar muka kawo shi garinmu Taba muka yi masa sutura.

Mu'awiyya, a gida Na-rami muke ce maka, kana dariya. Kai ka fahimtar da ni cewa ƙarƙashin kowane lif akwai rami, da damina kuma ruwa yana taruwa a ciki. Saboda haka soket da makunni sai an ɗaga su sama an rufe su da kyau, a kuma sa na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara bin jikin mutum. Lokacin da injin niƙan Inna Indo ya riƙa jan ta, ranar Sallah ka tuɓe sabuwar riga, ka kafa ƙarfe a ƙasa ka ɗaura masa waya. Tun da ka rasu take zancen nan tana kuka.

Ga abin da ya hana ni ɗaga kai. Ranar sadakar uku masu benen suka zo gaisuwa. Tun ba su gama zama ba, ni babban wa na ce, "Kwana ne ya ƙare, mun yafe." Dattawa suka sa mini albarka, wallahi har daɗi na ji. Ko yadda abin ya faru ban tambaya ba.

Bayan sun tafi, abokin aikinka Saminu ya ja ni gefe. Ya ce, "Yaya, soket ɗin nan a ƙasa yake, cikin ruwa, na'urar ma babu. Marigayi ya yi ta magana ba a saurare shi ba. Yanzu kun yafe, ni za a ce in sauka."

Kunya ta rufe ni. Na kira masu benen na ce yafiyarmu tana nan, amma jininka muka yafe, ran Saminu ba namu ba ne balle mu bayar. Suka ce za su duba. Saminu ya yi mini alkawarin ba zai sauka ba sai an gyara, ko da aikin zai bari.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabari. Ramla, matar ƙanena, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya miki yaran nan. Allah Ya sa kada matar Saminu ta shiga takabar da bakina ya jawo.