Laraba, Wadda Aka Ce Ba 'Yar Nan Ba Ce

A watan nan ƙawata Laraba ta cika shekara tara da rasuwa. Har yau in na shiga kasuwar Kakuri sai ƙafata ta nufi layin 'yan atamfa, kafin in tuna cewa mai gyaran waya ne a rumfarta yanzu.

A masaƙa muka haɗu muna 'yan mata, ni daga kudancin Kaduna, ita daga Filato. Injinanmu na kusa da juna, kuma duk ƙararsu ba ta iya danne muryar Laraba. A Kakuri ta auri ɗan garinmu, a nan ta haifi 'ya'yanta huɗu, a nan mijin ya rasu ya bar ta. Da aka rufe masaƙa sai ta koma sayar da atamfa.

In lokacin zaɓe ya zo, aikinmu mu mata sananne ne. A raba mana anko, mu dafa shinkafa, mu cika fili mu yi ta guɗa. Laraba ce ke tara mu. Wata rana muna tsaye kan tukunya ta ce, "Rifkatu, shekara nawa muna ciyar da mutanen nan suna tafiya majalisa? Akwai wanda ya taɓa tashi ya yi maganar matan da ke mutuwa wajen haihuwa?" Sai ta ce ita za ta nemi kujerar majalisar jiha. Na yi dariya har hayaƙi ya shaƙe ni. Ashe da gaske take.

Abin da ya biyo baya, laifina ne, kuma yau zan faɗe shi a fili. Ranar da jam'iyya za ta tantance 'yan takara, ni na ce mata ta haɗa da takardar shaidar asalinta. Mu 'yan masaƙa haka muka saba, ba ka zuwa gaban manya sai da takardar garinku, don da ita aka ɗauke mu aiki. Babu wanda ya nemi ta kawo. Ita kuwa ta ciro ta daga ƙasan akwati, ta ɗora a saman sauran takardun da alfahari. Shugaban kwamitin ya duba, ya yi murmushi, ya ce, "Madam, ai ke ba 'yar nan ba ce. Ki je Filato ki tsaya." Macen da ta fi shekara talatin tana shan ruwan Kakuri! Da ta tuntuɓi 'yan uwanta a can, suka ce ai ita matar Kaduna ce tun ranar da aka kai ta ɗaki. Sai bayan an gama komai wani lauya a cocinmu ya gaya mana doka ba ta ce haka ba.

Sati biyu ina zagaye layinta don kunya. Ita ta biyo ni har gida, ta zage ni tas, ba don takardar ba, don ɓuyan da na yi. Ta ce kuskurenmu ba takarda ba ce, kuskurenmu shi ne babu mace ko ɗaya a kan teburin nan da za ta buɗe baki. Daga ranar ta ajiye ludayi. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, Kakuri, Barnawa, har Mahuta, tana tura mu neman ƙananan muƙaman jam'iyya a unguwa, waɗanda maza ke rainawa. Ni da ko a zumuntar mata ta coci ba na iya addu'a da ƙarfi, ta sa na zama sakatariyar mazaɓa. Na gode mata, ko da yake a lokacin Allah ya sani na tsine wa naci irin nata.

Da za ta leƙo yau, ban ce za ta yi murna sosai ba. Majalisar nan har yanzu riguna da huluna ne, sai ka ƙura ido kafin ka hango ɗankwali. Ana ta maganar a ware wa mata kujeru, kuma na san za ta ce a ware ɗin, amma kada a raba su kamar anko, ga matan manya kawai. Har yanzu muna dafa shinkafar. Sai dai yanzu wasunmu in sun sauke tukunya sukan wanke hannu su shiga ɗakin taro.

Kwanakin baya autarta Keziya ta fito neman kujerar da uwarta ta nema. Keziya malamar makaranta ce, mijinta ɗan Binuwai. Ranar tantancewa mu bakwai ne a kan teburi, mata uku, dukanmu Laraba ce ta turo mu. Wani dattijo ya ga sunan mijin, ya gyara tabarau, ya ce, "To, yarinya, ke ainihi 'yar ina ce?"

Ban bari ta amsa ba. Na ce, "Baba, ni na riƙe uwarta ranar da ta haife ta, a nan Kakuri, bayan masaƙa. In da wata tambayar, a yi mata."

Dattijon ya dube ni, ya dubi sauran matan biyu, sannan ya juya takarda.

Ban sani ba ko Keziya za ta ci zaɓe. Amma sunanta na kan jerin 'yan takara, kuma da hannuna na rubuta shi. Laraba, ki huta lafiya, wannan karon ban ɓuya ba.