Bakin da Ya Iya Sallah, Ya Kasa Kiran Sunana

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayana Bukar, masunci a Guri. Mutanen garinmu suna tuna shi da saƙar taru da hawan gora. Idan ya kifa cikinsa a kan gora ya shiga ruwa, sai ka rantse a ciki aka haife shi. Ni abin da nake tunawa daban ne, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na zalunce shi a lokacin da ba shi da bakin kare kansa.

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Da na samu aikin ɗakin magani na En'e a Haɗeja, ina wanke gyambo ina naɗa bandeji, ransa bai so ba. A ganinsa duk ɗan gidanmu da ya bar ruwa ya yar da gado. Ranar tafiyata ya raka ni bakin kogi, ya ce, "Adamu, in ka haye da akwatin nan, ni da kai sai dai kallo." Na haye. Yaya mutum ne mai zafi, amma fushinsa ba ya daɗewa, don haka na ɗauka kafin kaka ya huce.

Ciwo ya riga kakar zuwa. Yana gyaran taru da hantsi ya yanke jiki ya faɗi. Da ya farfaɗo, hannu da ƙafar dama sun shanye, magana ta ɗauke. Matarsa Yagana ta aiko mini, na zo, na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni, leɓensa na rawa, bai ce uffan ba. Na ce ciwo ne. Amma da magariba ta yi, aka jingina shi da bango ya yi sallah a zaune, sai na ji karatu na fita daga bakinsa tsaf, ba gargada. Ya idar, na matso na ce, "Yaya, sannu da jiki." Shiru.

Dattawan unguwa suka ce bakin da ya iya karatun sallah lafiyarsa lau, sai dai ko aljanun ruwa ne suka riƙe shi. Ni kuwa ina da tawa fassarar, tunda ni aka yi wa alkawari a bakin kogi. Yagana ta ce, "Haba Adamu, ni ɗin ma ai ba ya ce mini komai." Ban saurare ta ba. Na san taurin kan yayana, na tabbatar wa kaina zai iya rufe wa duniya baki don kada ya buɗe mini.

A zuwana na uku haƙurina ya ƙare. Na tsaya a kansa, ko durƙusawa ban yi ba, na ce, "Tun daga Haɗeja na tako. In gaba ce, riƙe abarka har kabari. Ni ma daga yau ba ni da wa." Ya miƙo hannun hagu ya damƙi bakin rigata, ya buɗe baki da ƙyar, sai na ji yana cewa ɗaya, biyu, uku, huɗu, kamar yadda yake ƙirga idon taru. Na ɗauka ba'a yake mini. Na fizge rigata na fita. Bayan wata biyar na dawo Guri, amma jana'iza ce ta dawo da ni.

Bayan shekara shida da rasuwarsa aka tura ni Kano ƙarin horo. Wata safiya likitan da ke koyar da mu ya tsaya a gadon wani tsoho da ɓarin damansa ya shanye. Ya tambaye shi sunansa, tsoho ya kasa. Ya ce, "Baba, ƙirga mini," sai ga ƙirga har ashirin. Na matso kusa da gadon.

Likita ya yi mana bayani. Ƙwaƙwalwa ba dunƙule ɗaya ba ce. Cike take da ƙananan jijiyoyi masu miƙa wa juna saƙo, kuma kowane sashe da irin tasa hanyar miƙawa da irin aikinsa. Sashen da ke zaɓo kalma ya haɗa sabuwar magana yana ɓangaren hagu, maƙwabcin wanda ke motsa hannun dama, shi ya sa sukan lalace tare. Abin da mutum ya haddace tun yana ƙarami, ya maimaita har ya zauna, wata tsohuwar hanya yake bi. Ni da na tashi a fadama ban sha wahalar ganewa ba: kogi kan rabu rassa, yashi ya toshe ɗaya, sauran na gudu.

Na bi likitan har baranda na ce, "Ranka ya daɗe, irin wannan majinyaci yana gane abin da ake faɗa masa?" Ya ce sashen fahimta daban yake, kuma sau da yawa ciwon ba ya taɓa shi. Yana jin komai, amsar ce ba ta da hanyar fita. A nan na gane ranar nan yayana ya nemi sunana ya rasa, ya ba ni abin da ya rage a bakinsa. Maganata kuwa ta shiga dukanta, ba abin da ya zube.

Nakan tambayi kaina me yayana zai ce da zamanin nan. Yanzu motoci na shigowa Haɗeja ɗaukar bandar kifi, zaren kanti ya fara korar irin wanda yake murzawa a cinya, ko'ina zancen mulkin kai ake yi. Na san zai ja tsaki ya ce kifi bai san wannan ba. Aikin da ya tsana kuma har yau shi nake yi. Ban sani ba ko zai sassauta in ya ga abin da nakan yi idan an kawo mai irin ciwonsa: nakan ja danginsa waje in ce su iya bakinsu, mutuminsu na nan ciki yana jin su. Wasu sukan yarda, wasu su ce boko ya ɓata ni. Ban taɓa gaya musu inda na koya ba.

Tarunsa biyu har yanzu suna shiga ruwa a hannun 'ya'yansa, kuma masuntan Guri na ɗaure ƙulli irin nasa ba tare da sun san mai shi ba. Wannan rabon gari ne. Nawa rabon tambaya ce, wadda sai bara na iya yi wa Yagana, da na same ta tana shanya kifi a tsakar gida. Na ce ko ya yafe mini kafin ya cika.

Ta juya kifin da ke gabanta. Sannan ta ce, "Da wane bakin zai faɗa mini, Adamu? Abin da na gani dai, kullum da safe sai ya yi ta nuni da hannun hagun nan har in juya masa shimfiɗa ta kalli ƙofa. Wata biyar ina juyawa."