Tsagar da Ke Jikin Sanda

A unguwarsu ana kiransa Ban Yarda Ba, domin ko gaishe shi ka yi sai ya nemi sanin dalili. Shekara talatin yana gyaran kekuna a bakin titi, matarsa kuma na kula da saniyarsu da ɗan filin ciyawar da suka shuka a gefen gida. Kullum ƙorafinsa ɗaya ne: wai lalaci ke sa ta yanke ciyawa tun tana gajeriya, don kada ta ɗauki dami mai nauyi.

Da Allah ya yi mata rasuwa, lauje ya dawo hannunsa. Ya bar ciyawar ta yi wata uku, ta kere shi tsawo har ta fitar da kai. Inda marigayiya ke samun dami biyu, shi biyar yake ɗaurewa, yana ta hura hanci.

Sai madara ta fara ja da baya. Nan take ya gano ɓarauniyar: matar ɗansa, tunda ita ke tatsa. Ya sa ƙusa ya yi wa bokiti alama. Safiya uku yana laɓe a bayan tankin ruwa bai kama komai ba, wannan ma ya ƙara tabbatar masa cewa ta ƙware. Saniya kuwa har ana iya ƙirga haƙarƙarinta.

A rana ta huɗu ya fito fili ya ce, "Ki faɗa mini wanda kike sayar wa. In ba haka ba, mijinki na dawowa zai zaɓa, ko ni ko ke."

Maganar ta ƙona mata rai, amma ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo komin da saniyar ke cin abinci a ciki. Cike yake da kara.

"Baba, ganyen kawai take tsincewa. Ciyawa in ta tsufa ta zama itace, ba ta kawo madara."

"Wa ya koya miki wannan wayon?"

Ta shiga rumfa ta ɗauko wata sanda da shi a zatonsa ta korar awaki ce. An yi wa sandar tsaga da wuƙa daidai tsayin ƙugu.

"Mama ce. Ta ce in ciyawa ta kawo tsagar nan, wajen sati shida, a yanka. Ƙasa da haka ba ta auki, sama da haka ba ta amfani. Na faɗa muku tun farko, kuka ce ta koya mini lalaci."

Ya karɓi sandar ya je ya kafa ta a cikin ciyawar. Tsawon ya ninka tsagar. Wurin riƙon ya yi sumul saboda hannun marigayiya. Kunya da kewa suka rufe shi lokaci guda: shekara talatin yana kiran wannan baiwar Allah raguwa, yana shan madarar da iliminta ya kawo.

Da ya dawo bai iya haɗa ido da surukarsa ba. Ya miƙa mata lauje ya ce, "Nuna mini ta inda marigayiya take farawa."